Muna Gadin Kwanon Mai Ciwon Suga, To Wa Ke Gadin Zuciyarsa?



Da wuya a yau a shiga gida uku a jere a Aboabo ko Nima ko Sabon Zango a fito ba a tarar da mai ciwon suga ba. In ba maigida ba ne, uwargida ce, ko kakar yara da ke ɗakin ƙurya. Ƙungiyar masu yaƙi da wannan ciwo ta duniya ta ƙiyasta a shekarar 2021 cewa manya miliyan 537 ne ke ɗauke da shi a duniya, miliyan 24 daga cikinsu a Afirka, kuma fiye da rabin na Afirkan ba su ma san suna da shi ba. Mu kam ba mu buƙatar lissafi kafin mu yarda. Mun raka gawarwaki maƙabarta, mun ga dattawan da aka yanke wa ƙafa, mun ga waɗanda idonsu ya dushe tun ba su kai tsufa ba.

Wannan tsoro ya koya mana abu guda, kuma mun ƙware a kansa, wato tsaron kwano. Da zarar likita ya ambaci suga, gida duka ya zama 'yan sanda. "Baba, kada ka sa suga a kokon nan." "Hajiya, wannan shinkafa da waken ya yi miki yawa." "Alhaji, ajiye lemon kwalbar nan." Duk wannan daidai ne, kuma ƙauna ce ta kawo shi. Sai dai ɗan da ya janye gwangwanin suga daga gaban mahaifinsa da safe, shi ne zai dawo da azahar ya zube masa labarin bashin da ya ciwo, da rigimarsa da matarsa, da sammacin da aka aiko. Surukar da ta auna wa tsohuwa tuwo da ƙaramin ludayi, ita ce za ta yini tana yi mata habaici a tsakar gida. Sa'annan a wayi gari a auna jini, a ga suga ya hau, sai a juya kan mara lafiyar da tuhuma: "Me ka ci a ɓoye?"

Ra'ayinmu shi ne, sau da yawa babu abin da ya ci sai baƙin ciki. Muna ganin lokaci ya yi da al'ummar zango za ta ɗauki kwanciyar hankalin mai ciwon suga a matsayin wani ɓangare na jinyarsa, daidai da abinci da ƙwayar magani, kuma ta san cewa wannan nauyi a wuyanmu yake mu da muke zaune da shi, domin likita ba ya kwana a gidajenmu.

Bari mu fara da yadda Allah ya tsara jiki, domin kada a ɗauka zancen zaure ne. Abincin da muke ci, tuwo ne ko shinkafa ko doya ko burodi, yana narkewa ya koma suga ya shiga jini. Sugan nan shi ne makamashin jiki, amma ba ya samun shiga tsoka yadda ya kamata sai da taimakon insulin, sinadarin da wata gaɓa da ke kwance a bayan tumbi take fitarwa. Abin da ya yi rara kuma hanta ce ke ajiye shi, kamar yadda manomi ke zuba hatsi a rumbu. Mai ciwon suga iri biyu ne. Akwai wanda jikinsa ya daina yin insulin ɗungum, wannan shi ne nau'i na ɗaya, kuma ya fi kama yara da matasa. Akwai wanda jikinsa ke yi, amma bai wadatar ba, tsokar kuma ba ta sauraronsa sosai. Wannan shi ne nau'i na biyu, wanda kusan tara cikin goma na masu ciwon ke fama da shi, kuma shi ne ya cika gidajenmu.

Idan mutum ya firgita, ko ransa ya ɓaci, ko tunani ya dame shi, ƙwaƙwalwa kan aika saƙo zuwa wasu 'yan ƙulli biyu da ke zaune a saman ƙoda, su saki sinadarai biyu a cikin jini. Na farko, adirinalin, mai gaggawa ne. Cikin 'yan daƙiƙu zuciya ta hau bugu, gumi ya karyo, hanta ta buɗe rumbunta ta kwararo suga, fitar insulin kuma ta ragu. Na biyu, kotizol, a hankali yake aiki amma yana daɗewa. Yana sa hanta ta ƙera sabon suga ko da mutum bai ci komai ba, yana kuma ƙara wa tsoka taurin kai ga insulin.

Akwai hikima a cikin wannan tsari. Kakanninmu fatake da suka riƙa ɗauko goro daga Salaga su nufi Kano a ƙafa, in 'yan fashi suka tare ayari a daji, abin da jikinsu ke buƙata a wannan lokaci shi ne ƙarfin gudu ko na faɗa, kuma wannan sugan da hanta ta saki shi ke ba su. Suna gudu suna ƙone shi, in an tsira komai ya koma daidai. Matsalar ita ce jiki ba ya bambance ɗan fashi da takardar mai gida da ke neman kuɗin hayar shekara biyu a dunƙule. Amsa ɗaya yake bayarwa. Sugan ya fito, babu gudu, babu faɗa, mutum na kwance a kan tabarma yana kallon rufi. Mai lafiya, insulin ɗinsa zai share rarar cikin ɗan lokaci. Mai ciwon suga kuwa ba shi da wannan tsintsiya, sai sugan ya yi zamansa a jini yana cin jijiyoyin ido da ƙoda da ƙafa. Ɗan fashi yakan zo ya wuce a dare ɗaya, amma bashi da rigimar gado sukan shekara a gida.

Mai shakka ya tambayi duk wani ma'aikacin asibiti game da ƙwayoyin nan irin su dexamethasone da prednisolone. 'Yan'uwan kotizol ne da aka ƙera a masana'anta, kuma sanannen abu ne cewa suna tayar da suga, har su fito da ciwon ga wanda yake bakin gaɓa. Shi ya sa muke jin tsoro idan muka ga wasu 'yan matanmu suna shan irinsu don neman ƙiba. To abin da ƙwayar ke yi daga waje, wani abu mai kama da shi damuwa mai tsawo ke yi daga ciki, ko da bai kai ƙarfin ƙwayar ba.

Masana sun daɗe da lura da wannan. Abu Zaid al-Balkhi, malamin Khurasan da ya rasu a shekarar 934, ya rubuta littafi a kan gyaran jiki da rai, inda ya yi kukan cewa likitoci sun duƙufa kan jiki sun manta da zuciya, alhali ciwon ɗaya yana haifar da ciwon ɗayan. Likitan Ingila Thomas Willis, a ƙarni na 17, ya lissafa baƙin ciki mai tsawo cikin abubuwan da yake ganin suna kawo ciwon suga. A zamaninmu an auna abin da awo. Bayan girgizar ƙasar da ta afka wa birnin Kobe na Japan a 1995, likitoci sun tarar da sugan masu ciwon da abin ya shafa ya lalace, kuma lalacewar ta fi tsanani ga waɗanda suka yi asarar dangi ko gida. A 1999, masu bincike a Jami'ar Chicago sun taƙaita barcin wasu samari lafiyayyu zuwa awa huɗu na dare shida, sai jikinsu ya yi rauni ƙwarai wajen share suga daga jini. A 2002 kuma, a Jami'ar Duke ta Amurka, an koya wa wasu masu nau'i na biyu dabarun kwantar da hankali, bayan shekara guda aka ga gwajinsu na wata uku, wanda ake rubutawa HbA1c a takardar asibiti, ya sauka da kimanin rabin maki idan aka kwatanta da waɗanda ba a koya wa ba. Rabin maki a wannan gwaji ba abin rainawa ba ne ga wanda likita ke so ya tsaya kusa da 7.

Wannan hanya ɗaya ce, ta cikin jini. Akwai ta biyu, ta ɗabi'a, wadda a ganinmu ta fi yi mana ɓarna. Wanda zuciyarsa ta cika yakan manta ya sha magani, ko ya sha sau biyu. Yakan ƙi abinci yini guda, da dare yunwa ta kore shi ya cika ciki da abin da ya samu. Yakan daina 'yar tafiyar da yake yi zuwa masallacin Juma'a ko kasuwa. Barci ya ƙaurace masa. Ranar ganin likita ta zo ta wuce, katin inshorar lafiya ya ƙare ba a sabunta ba. Ciwon kansa kuma damuwa ne: tsoron yanke ƙafa, kuɗin tsinken awo, ƙaiƙayi da yawan fitsarin dare. Bincike ya nuna ciwon baƙin ciki mai danne mutum ya ninka kusan sau biyu a tsakanin masu ciwon suga in an kwatanta da sauran jama'a. Damuwa ta tayar da suga, hawan suga ya kawo kasala da saurin fushi, su kuma su ƙara damuwa. Haka abin ke zagayawa kamar jakin da aka ɗaure a turke.

To mene ne ke cin zukatan mutanen zango? Duk mun sani. A watan Disamba na 2022 hauhawar farashi a Ghana ta haura kashi 54 cikin 100, kuma har yau akwai gidajen da jarinsu bai farfaɗo ba. Gobarar kasuwar Kejetia a 2023 da ta Kantamanto a farkon 2025 sun mayar da 'yan kasuwa da yawa hannu rabbana cikin dare ɗaya. Akwai uwar da ɗanta ya bi ta Agadas ya nufi Libiya, wata shida babu waya. Akwai wadda 'yarta ke aikatau a ƙasashen Larabawa, duk kiran da ya shigo sai gabanta ya faɗi. Akwai mai koko da mai shinkafa da wake da ke tashi ƙarfe uku na dare su hura wuta, shekara ashirin ba su san barci mai daɗi ba. Waɗannan jarrabawa ce, ba mu da ikon kawar da su da rubutu.

Amma akwai wasu nauye-nauyen da mu muka ƙera su da hannunmu. Yayin biki da ake fitarwa kusan kowane wata, wadda ba ta saya ba ta zama abin nuni. Gudunmawar suna da aure da ta koma bashi mai rubutacciyar takarda. Addu'ar uku da ta bakwai da ta arba'in da ta tashi daga roƙon gafara ga mamaci ta koma gasar tukwane, har gwauruwar da ke cikin takaba, mai ciwon suga, ta kwana tana lissafin buhun shinkafa. Rigimar gado da 'yan'uwa ke ja shekara da shekaru a kan gida mai ɗaki shida. Gwamnati ta sa harajin kashi 20 cikin 100 a kan lemuka masu zaƙi a 2023 don rage shan suga. Waɗannan al'adu kuwa babu hukumar da za ta rage mana su, sai mu da kanmu.

Akwai kuma wani baƙin ciki da maza ke haɗiyewa, wanda kunya ta hana a ambata. Ciwon suga in ya daɗe yana taɓa jijiyoyi, har ya raunana namiji a shimfiɗarsa. Magidanci ya shiga zargin kansa, ko zargin an yi masa asiri, matarsa ta shiga zargin ya juya mata baya, gida ya yi tsami ba wanda ya san dalili. Daga nan sai a koma ga masu tallar maganin maza a bakin tasha, a sha abin da ba a san haɗinsa ba. Alhali wannan larura ce da likitoci suka sani, suke kuma da abin yi a kanta, in an buɗe baki an faɗa musu.

Nan ne muka iso kan maganar haƙuri. Mun tashi muna jin haƙuri maganin zaman duniya, kuma gaskiya ne. Amma a wurin da yawa daga cikinmu haƙuri ya koma ma'anar yin shiru kawai. Mace ta kawo kukanta, a ce ta yi haƙuri, a sallame ta ba a ji ƙarshen zancenta ba. Dattijo ya yi tagumi, a ce ai namiji ba ya kuka. Wanda ya ce zuciyarsa ta yi nauyi, a ce imaninsa ne ya yi rauni. Mu da muka zauna gaban malamai ba haka aka karantar da mu ba. Haƙurin da aka yabe shi shi ne barin fushi da hukuncin Allah da barin aikata abin da ya hana. Kai kuka ga wanda zai iya taimako bai rushe shi ba. Alkur'ani ya ba mu labarin Annabi Yakubu, tsira da aminci su tabbata a gare shi, wanda baƙin cikin rabuwa da ɗansa ya taɓa masa ido, kuma shi ne abin misali wajen kyakkyawan haƙuri. Malaman tarihi sun kira shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu shekarar baƙin ciki. Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallam, ya zubar da hawaye a rasuwar ɗansa Ibrahim. In baƙin ciki ya taɓa jikin annabawa, wane ne mu da za mu ce wa tsohuwa mai ciwon suga damuwarta ƙarancin tawakkali ce? Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, muna kuwa fahimtar hikimar riƙe sirri. Sai dai cikin mai ciwon suga ba rumbun ajiyar ɓacin ran gida ba ne, domin abin da ya haɗiye da dare na'urar awo za ta nuna shi da safe.

Dole mu yi adalci ga masu ganin wannan magana tana da haɗari, domin suna da hujja. Suna tsoron kada mai ciwo ya sami mafaka, ya ci abin da ya ga dama ya ce ai damuwa ce, ko ya ajiye magani ya ce zikiri ya ishe shi. Tsoron nan a wurinsa yake. Damuwa kaɗai ba ita ke haifar da ciwon suga ba. Gado da ƙiba da yawan zama da shekaru da irin cimarmu su ne manyan dalilai. Kwanciyar hankali kuma ba ta maye gurbin metformin ko allurar insulin. Kafin a gano insulin a Toronto ta Kanada a 1921, yaron da ya kamu da nau'i na ɗaya ba ya daɗewa a duniya, komai natsuwar gidansu. Wanda ya ajiye allura ya dogara ga rubutu da tofi kaɗai ya saɓa wa koyarwar da ta ce a ɗaure raƙumi sannan a dogara ga Allah. Abin da muke cewa shi ne murhu duwatsu uku ke riƙe shi: magani, da cima tare da motsa jiki, da kwanciyar rai. Mun kula da biyu, mun bar tukunya a karkace.

Akwai wani gargaɗi da ya wajaba kowane gida ya riƙe. Ba kowa damuwa ke tayar wa suga ba. Wasu, musamman masu nau'i na ɗaya da masu allura, nasu sauka yake yi, balle in ɓacin rai ya hana su cin abinci bayan sun sha magani. Alamomin faɗuwar suga kuma kusan ɗaya suke da na fargaba: rawar jiki, gumi, bugun zuciya, saurin fushi, ruɗewar magana. Dalili kuwa adirinalin ɗin nan ne ke aiki a duka biyun. Sau nawa aka ce dattijo ya cika faɗa, ko aka ce iska ce ta taɓa Hajiya aka hau yi mata turare, alhali suganta ne ya faɗi? In akwai na'ura a auna nan take. Ƙasa da 3.9 faɗuwa ce, sai a ba shi suga kamar cokali uku na shayi a ruwa, ko rabin kofin lemo mai zaƙi, a sake aunawa bayan minti 15. In babu na'ura kuma mutumin na shan magani, a ba shi zaƙin, domin faɗuwar suga ta fi hawansa saurin kisa. Wanda ya suma kuwa kada a ɗura masa komai a baki, a garzaya da shi asibiti.

Me ya kamata mu yi? Mu fara daga gida. A daina tuhumar mara lafiya a gaban yara da baƙi. Lambar da na'ura ta nuna labari ce da ke taimakon likita, ba shaidar laifi ba ce. A maimakon "me ka ci", a riƙa tambayar "yaya ka kwana, me ke damunka". A dafa abincin da kowa zai ci tare da shi, a ƙara ganye da wake da kuɓewa, a rage tuwon, don kada ya zama bare a kan tabarmarsa. Labari mara daɗi, in ba na gaggawa ba ne, kada a kai masa da tsakar dare ko kafin ya karya kumallo, a kuma zaɓi mai hankalin da zai faɗa masa. Ba muna cewa a riƙa ɓoye wa dattijo al'amuran gidansa ba, domin wanda ya gane ana ɓoye masa abu damuwarsa ninkuwa take yi. A faɗa masa matsala tare da abin da aka riga aka fara yi a kanta.

Sai fadojin sarakunanmu na zango da zaurukan masu unguwanni, inda muke zaune muna rubuta ƙararraki. Mun ga yadda ake kiran tsofaffi shari'ar gado ko ta aure tun da hantsi, su zauna har la'asar, sun sha magani ba su ci komai ba, ana tayar da jijiyar wuya a kansu, daga ƙarshe a ɗage zama zuwa wata mai zuwa. Wannan watan na jira, kowane darensa ciwo ne. Muna roƙon iyayenmu sarakuna, Allah ya ja zamaninsu, da a riƙa tambaya tun farkon zama ko akwai mai suga ko hawan jini, a gabatar da maganarsa, a ba da hutun cin abinci, a yarda ya wakilta wani in zaman zai yi zafi, a kuma yanke wa kowace rigima wa'adi. Jinkirin rabon gado zalunci ne a shari'a tun kafin mu san yana taɓa jini. Haka nan sarakuna da limamai da magajiyoyi suna da ikon taƙaita yayi da kashe-kashen kuɗin addu'a in sun haɗa baki, kuma talaka zai sa musu albarka.

Malamanmu kuma, Allah ya ƙara musu daraja, muna roƙon su ba wannan batu huɗuba guda. Ranar 14 ga Nuwamba ta kowace shekara ita ce ranar ciwon suga ta duniya, Juma'ar da ke kusa da ita ta dace. A bayyana wa jama'a cewa zuwa wurin likitan da ke sauraron damuwa ba hauka ba ne, kuma akwai irinsu a manyan asibitoci kamar Komfo Anokye da Korle Bu. A kuma sauke wa tsofaffinmu nauyin da suke ɗauka duk watan azumi. Da yawa suna kuka a ɓoye don likita ya hana su azumi, wasu su yi a sace har su faɗi. Shari'a ta yi wa mara lafiya rangwame, ta ba wanda ba a sa ran warkewarsa damar ciyarwa, kuma karɓar rangwamen Allah ibada ce. Wanda likita ya yarje wa ya yi azumi, ya sani auna jini ba ya karya shi, kuma in suga ya sauka ƙasa da 3.9 ko ya haura 16.6 sai ya sha ruwa ba tare da jin ya yi laifi ba.

Kai kuma ɗan'uwa mai ɗauke da wannan ciwo, da ke 'yar'uwa, mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke masa yoyo. Ku sami ɗan littafi, duk lokacin da kuka auna ku rubuta lambar, a gefenta ku rubuta yadda zuciya take a ranar da yadda aka yi barci. Bayan mako biyu ko uku za ku ga da idonku wace magana ce, ko wane mutum ne, ke tayar muku da suga, ku kuma nuna wa likita. In fushi ya taso, sunna ta koyar da neman tsari da yin shiru da zama ga wanda ke tsaye da alwala. A ƙara da jan numfashi a hankali, da fita a taka ƙafa na minti goma ko ashirin, domin tsoka mai motsi tana jan suga daga jini, wato ana ba jiki gudun nan da ya shirya wa. A yi salla da natsuwa, a zauna a yi zikiri ba gaggawa. A kashe waya da dare, saƙonnin mutuwa da hotunan haɗari da ake turowa a WhatsApp za su iya jiran safiya. A nemi mutum ɗaya amintacce da za a riƙa amayar wa da abin da ke ciki. In kuwa aka yi mako biyu babu jin daɗin komai, babu barci, ana jin rayuwa ta ishi mutum, to wannan ciwo ne mai magani, a faɗa wa likita kamar yadda ake faɗa masa ciwon ƙafa.

Kakanninmu sun kafa zango ne don baƙo ya sami inda zai sauke kaya ya huta. Abin kunya ne a ce a cikin zangon ne iyayenmu suka rasa inda za su sauke nasu. Zumunci a ƙafa yake. Wanda ke da mai ciwon suga a danginsa ko a maƙwabtansa, ya je ya gaishe shi cikin makon nan, ya zauna ya saurare shi har ya gama, in akwai wani nauyi da zai iya ɗauke masa ya ɗauke, ko rakiyar asibiti ce, ko sabunta kati, ko shiga tsakani a wata rigima.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya yaye wa masu damuwa damuwarsu, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya sa mu zama sanyin ido ga iyayenmu. Amin.